Babi na Shida: Hoton da Ake Saya Kafin Gumi ya Bushe

Tun da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa, tambaya ɗaya ake yi wa duk wanda aka gani rataye da kyamara a filin wasa: wa zai ba ka kuɗinsa saboda hoto, alhali ga Tecno da itel a hannun yara ƙanana? Masu tambayar suna da hujja. A ranar kokowa a Keita ko Buza ko Madawa, cikin jihar Tawa ta Nijar, da zarar 'yan kokowa biyu sun sunkuya sun fuskanci juna, wayoyi ne ke tashi sama ta kowace kusurwa. Duk da haka, idan mutum ya zaga bayan taro a irin waɗannan wasanni, yakan tarar da wani a inuwar dogon yaro, zaune kan benci da 'yar na'urar buga hoto a gabansa, mutane sun yi masa rumfa, kowa na miƙa kuɗi. Me suke saya a wurinsa wanda wayarsu ta kasa ba su?

Filin da kasuwar ke ci

Sai an san filin kafin a gane cinikin. A Nijar babu wasan da ya kai kokowa tara jama'a, kuma jihar Tawa tana da tarihi na musamman a cikinta. A birnin Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki. Yau gasar takobin ƙasa tana zagaya jihohi takwas, kowace jiha ta kawo 'yan kokowa goma, su tamanin ke nan, a shafe kusan kwana goma ana gwabzawa, Télé Sahel da gidajen rediyo suna watsawa kai tsaye. Sunaye irin su Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram, da Issaka Issaka na Doso wanda ya ɗaga takobi har sau shida, ko yaro ya san su.

Sai dai mai hoton da wannan babi ke magana a kansa ba a babban filin Hamidine Maïdaré na Tawa yake samun mafi yawan abincinsa ba. Can akwai 'yan jarida masu katin izini, akwai jami'an tsaro, akwai shinge tsakanin ɗan kallo da ɗan wasa. Kasuwarsa tana ƙasa da nan: kokowar bayan kaka da ƙauyuka ke shiryawa idan hatsi ya shiga rumbu, da wasannin tankaɗe da rairaya na gundumomi kafin a fitar da goman jiha, da sukuwar dawaki a ranakun Sallah, da langa, da gasar ƙwallon ƙafa ta unguwanni a lokacin babban hutun makarantu. A waɗannan wurare babu talabijin, babu jarida. Saurayin da ya kayar da gwanin ƙauyen maƙwabta, idan ba a ɗauke shi a wannan yammacin ba, labari kawai zai rage masa, labari kuwa kowa da yadda yake ba da shi.

Lokacin ma ya dace da aljihu. Bayan kaka ne manomi ke da 'yan kuɗi a hannu, kuma a lokacin ne samarin Adar, wato wannan yanki na Tawa, ke shirin fita cin rani zuwa Abijan, ko Najeriya, ko Libiya, ko Aljeriya. A ɓangaren Madawa akwai kaka ta biyu, ta albasa, wadda ke sauko da kuɗi a cikin rani. Mai hoton da ya san sana'arsa yana bin waɗannan lokuta kamar yadda yake bin ranakun kasuwa.

Zamanin jira

Sayar wa mutum hoton kansa a wurin taro tsohuwar sana'a ce a Afirka ta Yamma. A Bamako, cikin shekarun 1960, Malick Sidibé yakan bi wuraren rawar samari da dare yana ɗaukar su, ya koma ɗakinsa ya wanke fim kafin gari ya waye, ya manna ƙananan samfura a jikin kwali, kowanne da lambarsa. Da safe 'yan rawar jiya su zo su duba, kowa ya nuna wanda yake so a fitar masa. Wannan aikin neman abinci ne ya kai shi ga lambar Zakin Zinariya ta bikin fasaha na Venise a 2007, kafin rasuwarsa a 2016. A Yamai ma Philippe Koudjina ya yi irin wannan yawo a gidajen rawa da wuraren shaƙatawa a shekarun 1960 da 1970, kuma hotunansa na daga cikin manyan shaidun yadda birnin yake a wancan zamani.

A karkara abin ya fi wuya. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka in ya yi yawa, mai hoto kuma ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanke. Injin wanki yana birni. Don haka sai ya karɓi kafin alƙalami, ya rubuta suna a littafi, ya jira fim ya cika, ya ba direban mota ko ya tafi da kansa, ya dawo bayan mako ɗaya ko biyu yana neman masu hoto gida-gida. Wani ya riga ya tafi cin rani. Wani ya kalli hoton ya ce bai yi kama da shi ba. Wani kuwa zafin nasarar ya riga ya sauka daga zuciyarsa, kuɗin da ya rage ya fi so ya saya wa gida gishiri da barkono. Abin da ya rage a jakar mai hoto asara ce tsantsa, don hoton wani ba ya sayuwa ga wani.

An daɗe ana neman maganin wannan jira. Edwin Land ya fitar da kyamarar Polaroid a Amurka a 1948, mai tofo hoto nan take, amma takardarta tsada gare ta, kuma kowane hoto tilo ne, ba a iya sake fitar da irinsa. Maganin gaske ya fara ne a 1975, shekarar da aka yi kokowar Tawa, lokacin da wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar farko marar fim. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi da fari a kan kaset. Jikokinta ne suka kai Kodak ɗin kansa ga karyewa a 2012, su ne kuma suka juya cinikin mai hoton ƙauye gaba ɗaya. A da sai ya kashe kuɗi sannan ya nemi mai saye. Yanzu yana ɗaukar ɗari biyu ko ɗari uku bai kashe ko dala ba, ya nuna a allon kyamara, ya buga wanda aka biya kaɗai.

Abin da waya ta kasa

Kaye ba ya jira. 'Yan kokowa suna iya shafe minti goma suna zagaye juna, wannan ya taɓa kan wancan, wancan ya ɗebi ƙasa ya murtsuke a tafin hannu, a yi ta gwajin ƙafa ana ja da baya. Sai a cikin ƙiftawar ido ɗaya ya nutse ƙasa ya cafko cinya, ya ɗaga, ƙafafun abokin karawarsa su rabu da rairayi, layu da guraye su watsu sama, a ji tim. Daga cafka zuwa faɗuwa sau da yawa ba a cika daƙiƙa ɗaya ba. Hoton da ake biya shi ne na tsakiyar wannan daƙiƙa, lokacin da mutum ke sama bai kai ƙasa ba.

Ƙaramar waya ba a yi ta don wannan ba. Tsakanin danna allo da ɗaukar hoto akwai ɗan jinkiri, kuma a cikinsa ake gama kayen. Mai ita yana nesa, bayan layi uku na kawuna da rawuna, in ya jawo hoton da yatsa sai ya dagule, fuskoki su zama tabo. Ga shi ana fara kokowa ne bayan la'asar, haske na raguwa, hazon hunturu da ƙurar ƙafafu sun cika iska. Da haske ya yi ƙasa sai waya ta daɗe da buɗe idonta, duk abin da ke motsi ya fito kamar hayaƙi.

Mai kyamara yana saita ta ne ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, saurin da ke tsayar da ɗan kokowa a sama, ya tsayar da kofaton doki da ƙurar da ya tayar. Yana sa ta ta yi ta ɗauka a jere muddin yatsansa na kan maɓalli, hoto biyar ko fiye a daƙiƙa guda. Yana da dogon gilashi mai jawo nesa kusa. Amma fiye da kayan aiki, yana da wuri da sani. Ya gaisa da masu shirya wasa, an bar shi ya tsugunna a bakin buhunan yashin da suka kewaye da'ira, rana a bayansa, kyamara a daidai gwiwa don wanda ya ɗaga mutum ya fito da girma. Kuma ya kalli kokowa har ya san take-takenta. Yana duban ƙafa da kafaɗa, yana sauraron yadda kiɗa ke canzawa, yatsansa na sauka kafin 'yan kallo su yi ihu. Wanda ya jira ihu, bayan mutum a ƙasa zai samu.

Akwai kuma wani dalili mai sauƙi da ake mantawa da shi: wanda ke cikin da'ira ba shi da hannun riƙe waya. Abokansa kuwa a daidai lokacin kayen tsalle suke yi.

Minti ɗaya a gaban na'ura

Na'urar da ta fi dacewa da wannan aiki ƙarama ce, ba ta kai kwalin takalmi ba, irin su Selphy ta kamfanin Canon. Ba ruwan tawada take fesawa ba. A cikinta akwai siririyar leda mai launi, zafi ne ke narkar da launin ya shige cikin takarda. Mai hoto ya zare kati daga kyamara ya zura, ya zaɓi hoto, ya danna. Takarda ta shiga, ta leƙo ta baya, ta dawo rawaya zalla, ba a ganin komai sai inuwar mutum. Ta sake shiga ta fito da ja-ja, fuska ta fara bayyana. A zagaye na uku shuɗi ya hau, sai ga walki, ga layu, ga jama'a a baya. Na huɗu wani rufi ne marar launi da ke kare hoton daga gumi da ruwa da shafar yatsa. Duka bai cika minti ɗaya ba, hoton kuma ya fito a bushe, girman santimita 10 da 15.

Wannan shiga da fita ita kanta talla ce. Yara na leƙe, manya na nuna yatsa, wanda bai yi niyyar saye ba ya ga na abokinsa ya ji shi ma yana so. Shi ya sa gwanaye ba sa ɓuya da na'urarsu. Sukan ɗaura igiya tsakanin bishiya da bishiya, su rataya 'yan hotunan da suka buga da kuɗinsu, na fitattun 'yan wasan ranar, don gani ya kori ji.

Ga irin maganar da ake ji a wurin. Saurayi ya fito daga da'ira, ƙirji duk ƙasa, yana haki.

"Baba mai hoto, ka kama kayen nan kuwa?"

"Na kama shi, yaro. Matso ka ga kanka."

Ya sunkuya kan allo, abokai sun dafa kafaɗarsa, aka ɗauki sowa. Kuɗin karin da 'yan kallo suka liƙa masa yanzun nan suna dunƙule a hannunsa. Ba ya ko taya farashi.

Hoton wasa tamkar ƙosai yake, a bakin kasko ake cinikinsa. Darajarsa tana kan ƙololuwa a sa'ar farko bayan wasa, lokacin da jiki bai huce ba, abokai na nan, kuɗi na hannu. Gobe ta ragu. Bayan mako guda sai an roƙi mutum. Hausawa sun ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, a nan kuwa rabon mai shayi da mai tsire ne, don su kuɗin za su koma wa in mai hoto ya yi nawa. Wannan ne ya sa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In ya zauna bugawa, kaye uku sun wuce shi. In ya tsaya ɗauka, masu saye sun watse. Dole a yi biyu ko uku: ɗaya a bakin da'ira, ɗaya a kan na'ura, yaro na kai da kawo kati tsakaninsu yana kuma kiran waɗanda aka ɗauka.

Wa ke saya?

Sabon shiga yakan ɗauka cewa hoton zakara ne kasuwa. Zakara kuwa kowa ya ɗauke shi, kuma ya saba a ba shi kyauta. Mai saye na gaske shi ne ɗan wasan da bai taɓa ganin kansa a cikin wasa ba, wanda wataƙila wannan ne karonsa na farko da ya kai wani ƙasa a gaban jama'a. Bayansa akwai ubangida, attajirin da ke ɗaukar nauyin ɗan kokowa ko mai dokin da aka yi sukuwa da shi. Shi mai hoto ke zuwa ya samu a rumfar manya, ya durƙusa ya miƙa allo.

"Ranka ya daɗe, Alhaji, ga yaronka da mutum a sama."

"Madalla. Fitar mini da uku, Malam, ɗaya na kanti, ɗaya na gida, ɗaya a kai wa mahaifinsa."

Sannan ga 'yan kallo da suka ci ado, masu son a ɗauke su tare da gwaninsu, ga makaɗa, ga 'yan cali-cali masu kwaikwayon 'yan kokowa suna ba jama'a dariya tsakanin karawa da karawa. Sau da yawa hotunan gefen fili sun fi na cikin fili yawan ciniki.

A ƙwallon ƙafa lissafin daban ne. Hoton cin ƙwallo yana da wuyar samu, mai sayensa kuma mutum ɗaya. Hoton ƙungiya kafin a take wasa, wasu a tsaye wasu a tsugune, riguna ba su yi datti ba, danna ɗaya ne amma masu saye goma sha ɗaya, ban da 'yan benci da mai horarwa. Wanda ya isa fili bayan an busa usur ya rasa rabin cinikin ranar.

Me ya sa takarda, ba a waya kaɗai ba? Domin waya tana faɗuwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar da talauci ya matsa, katinta yana lalacewa. Tsohuwar da ke gida ba ta da ita. Hoton takarda ana kafa shi a bangon ɗaki, a sa shi a jikin gilashin kanti, a cusa shi cikin jakar mai tafiya Abijan ya nuna wa 'yan garinsu a can.

Lissafin aljihu

Takardar Selphy da ledarta tare ake sayar da su, babban kwali yana fitar da hoto 108, ba ƙari. Wannan ya sa lissafin ya fito fili. A ɗauka, don misali kawai, an sayi kwalin jika 25. Kowane hoto ya tashi kusan sefa 230 ke nan tun kafin a yi maganar komai. In aka sayar da shi dala ɗari, wato sefa 500, abin da ya rage 270 ne. A ce kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, da cajin batir, da abinci, da sallamar yara biyu sun ci jika biyar a ranar. Sai an sayar da hoto 19 kafin a fara maganar riba. Daga na ashirin ne mai hoto ya fara yi wa kansa aiki, kuma daga nan ne zai cire na gyaran kyamara da na takardun da suka lalace.

Suna kuwa lalacewa. Babban abokin gabar wannan na'ura ƙura ce. Ƙwayar rairayi ɗaya in ta hau takarda, sai ta ja farin layi daga kan mutum har ƙafarsa, hoton ya tashi a banza. Takardar da ke leƙowa ta baya sau huɗu tana kwasar duk abin da iska ta kawo. Don haka ake sa na'urar cikin kwali ko akwati mai buɗaɗɗen gefe, a juya mata baya ga iska, a rufe takardu cikin leda, a hana kowa taɓa fuskarsu. Zafi ma haka. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Adar ke haura digiri 40, na'urar takan tsaya da kanta sai ta huce, mutane na tsaye suna jira. Canza gilashin kyamara a tsakiyar fili kuwa ganganci ne, don ƙurar da ta shiga ciki za ta fito a kowane hoto.

Sai wuta. Filin ƙauye ba shi da layin kamfanin wuta na NIGELEC, a garuruwan da ke da shi ma ba a dogara da shi. Mutanen yankin sun ga haka ƙarara a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Mai hoto na fita ne da batir biyu ko uku na kyamara, da wani babba na na'ura wanda faifan hasken rana ya cika. Takarda da leda kuma ba a yin su a Nijar, daga waje suke shigowa, saboda haka duk abin da ya taɓa kan iyaka ko hanyar kaya yana taɓa farashin hoto a Buza.

Bashi shi ne ramin ƙarshe. A garin da kowa ɗan uwan kowa ne, "buga mini, in an tashi zan kawo" magana ce mai wuyar ƙi. Masu daɗewa a sana'ar sun koyi raba aiki: wanda ke karɓar kuɗi daban, kuma takarda ba ta shiga na'ura sai kuɗi sun shiga jaka.

"Turo mini a waya"

Wannan ita ce buƙatar da ta fi yawa yanzu, musamman daga samari, kuma a nan masu hoto da dama ke yin sakaci. Ganin ba a kashe takarda ba, sai mai saye ya ɗauka kyauta ne, mai hoton ma ya ji kunyar tambaya. Alhali hoton da aka tura ta Xender ko Bluetooth ya fi na takarda amfani ga mai shi, don zai sa shi a WhatsApp da Facebook, ya kuma buga shi a ko'ina sau nawa ya ga dama. Adalci shi ne a yi masa farashinsa. Barin mutum ya ɗauki allon kyamara da wayarsa kuwa daidai yake da ba shi hoton. Wata dabara da ya kamata a sani: WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau in an tura shi kai tsaye, amma in aka tura shi a matsayin fayil yana isa yadda yake.

A manyan tseren gudu na duniya cinikin ya koma intanet kacokan. Kamfanoni irin su MarathonFoto na Amurka da Sportograf na Jamus suna jera masu ɗauka a kan hanya, kwamfuta ta karanta lambar da ke ƙirjin kowane mai gudu ko ta gane fuskarsa, ta tattara masa hotunansa, a aika masa saƙo ya biya da katin banki. Su ma sun san cewa sha'awa tana hucewa, shi ya sa suke gaggawar fitar da hotuna, har suna sayarwa tun kafin ranar tsere. A Keita babu lamba a ƙirji. Abin da ke maye gurbinta shi ne ƙwaƙwalwar mai hoto da ta yaronsa, da bakin maroƙin da ke faɗin sunan kowa da na ubansa da garinsu. Abin da za a iya ara daga can shi ne ciniki tun kafin wasa: a daidaita da shugaban ƙungiya ko ubangida a kan adadi, a karɓi rabi. Kuma tun da akwai hanyoyin tura kuɗi irin su Nita da Amana da Airtel Money, ɗan uwan da ke cin rani yana iya biyan kuɗin hoton ƙanensa, a tura masa nasa, a buga wa uwarsu nata.

Wanda aka kayar

Kowane hoton kaye mutum biyu ne a cikinsa, ɗaya kuma bai so ba. Wanda ya yi nasara yana da haƙƙin sayen hotonsa, wannan babu gardama, a gaban jama'a aka yi. Amma mai hoton da ke ɗaukar fuskar wanda aka kayar yana kuka, ko walkinsa ya zame, ya sayar wa 'yan adawa don a yi ta yawo da shi a waya ana dariya, ya ci amanar wurin da aka ba shi ya tsugunna. Saurayin nan zai koma ƙauyensu, yana da budurwa, yana da surukai. Irin wannan hoto gogewa ya kamata a yi, ko nawa aka taya.

Haka nan akwai abubuwan da ake neman izini kafin a ɗauka. Ɗan kokowa da ya koma gefe yana shirinsa da malaminsa ko bokansa ba ya son ido a kai. Matan aure da 'yan mata a cikin 'yan kallo, da yaran mutane, ba a rataya hotonsu a igiya don talla. Akwai kuma wanda saboda fahimtarsa ta addini ba ya son hoto sam, in ya ɗaga hannu sai a sauke kyamara. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, tana da ofishin kare haƙƙin mawallafa, wato BNDA, wanda aikin mai hoto ma ya shafa. Amma a filin ƙauye abin da ke hukunci da sauri shi ne bakin mutane. Wanda aka sani da tozarta 'yan wasa, baɗi ba za a bar shi ya matso kusa da buhunan yashi ba.

Akwai dalilin da ya sa wannan ƙaramar sana'a ta cancanci a riƙe ta da mutunci. Duniya ta san Keita ta hotuna. Tun da aka fara aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, an ɗauki hotuna masu yawa na matan da ke ɗaukar duwatsu a ka, da ramukan dashen itace a jikin tsaunuka, da madatsun ruwa. Hotuna ne na gaskiya, na aikin da ya cancanci yabo, amma baƙi ne suka ɗauka, suna kuma cikin rahotanni a Roma da Yamai. Hoton da mutumin Keita ya zaɓa da kansa, ya biya da kuɗinsa, ya kafa a ɗakinsa, na ranar da ya fi kowa ƙarfi ne a filin garinsu, kuma mai hoton kan benci ne ya ba shi. Abin takaici shi ne yawancin masu hoton suna goge katinsu bayan kowane wasa don su samu wurin na gaba. Wanda zai sayi ma'ajiya ɗaya ya riƙa zuba hotunan, da sunan gari da shekara, nan da shekara ashirin zai riƙe tarihin kokowar Adar da babu shi a ofishin kowa, kuma 'ya'yan 'yan kokowar yau za su zo nema da kuɗinsu.

Hoto dai tsayar da daƙiƙa ɗaya yake yi. Samari da yawa yanzu suna son karawar gaba ɗaya, da kiɗanta da kirarinta da ihun jama'a. Babi na gaba zai shiga rumfunan masu caji da tura bidiyo a kasuwannin Madawa da Ƙonni, ya bi yadda kokowar da aka yi jiya da la'asar ke isa wayar ɗan cin rani a Abijan, da wanda ke samun kuɗi a kowane zango na wannan hanya.